Doguwar Tafiya A Kan Keke Da Yaƙi Da Cutar Shan-Inna

Gabatarwa

Daga cikin dabarun da masu yaƙi da cututtuka suke bi domin jawo hankalin jama'a, akwai wata wadda ba ta buƙatar asibiti ko ɗakin bincike. Mutum ne zai hau keke ya kama doguwar hanya, yana yada zango gari-gari, duk inda ya sauka a taru a kalle shi, shi kuwa ya yi amfani da wannan taro ya isar da saƙonsa, ya kuma karɓi gudummawa. An yi irin wannan tafiya saboda cututtuka da dama, amma da wuya a sami wadda ta dace da ita kamar shan-inna, domin kuwa ita ce cutar da ke raba yaro da ƙafafun da zai taka feda da su.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda ƙwayar cutar take aiki a jikin ɗan Adam, ta kawo labarin waɗanda suka yi irin wannan tafiya, sa'an nan ta duba dalilin da ya sa saƙon nasu bai tsufa ba ga mazauna unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, duk da cewa tun shekarar 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da asalin ƙwayar cutar.

Mece Ce Shan-Inna?

Sunan da Bahaushe ya ba cutar ya nuna yadda ya fahimce ta tun da can. An ɗauka cewa wata aljana ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro, shi ya sa ake nufar wajen masu magani na gargajiya maimakon asibiti. Bincike ya nuna cewa abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ta jinsin bairas. A shekarar 1908 ne Karl Landsteiner da Erwin Popper suka tabbatar da haka a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ƙanƙantar ƙwayar ta kai a ce sai an jera kimanin 33,000 daga cikinta kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Iri uku ce, ana kiran su nau'i na 1 da na 2 da na 3, kuma kariya daga nau'i ɗaya ba ta isar wa mutum daga sauran biyun.

Ƙwayar tana shiga ta baki, a cikin ruwa ko abincin da kashi ya gurɓata, ko ta hannun da ba a wanke ba. Tana hayayyafa a maƙogwaro da hanji, sa'an nan ta riƙa fita a cikin bayan gida har tsawon makonni. Kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama ko kaɗan. Waɗansu sukan yi ɗan zazzaɓi da ciwon kai da amai, kamar dai mura, su warke. Amma a jikin mutum ɗaya cikin kimanin 200, ƙwayar takan bi jini ta isa laka, wato farin abin nan da ke cikin ƙashin baya, ta lalata jijiyoyin da ke kai umurnin motsi zuwa ga tsoka.

Za a iya kwatanta wannan da wayar lantarki. Idan aka yanke wayar da ta taso daga turke zuwa cikin gida, ƙwan fitila yana nan lafiyarsa lau, amma ba zai kama ba. Haka tsokar ƙafa take a farkon ciwon: ba abin da ya same ta, saƙo ne ya daina zuwa. Da yake ba ta aiki, sannu a hankali sai ta motse, ƙafar ta sirance. Jijiyoyin ji kuwa ba a taɓa su ba, don haka yaron yana jin zafi da sanyi da tsinin ƙaya a ƙafar da ba ya iya ɗagawa. Galibi ƙafafu cutar ta fi kamawa, sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya lalacewa, hannuwa kuma su tsira. Idan ta taɓa jijiyoyin numfashi, to, rai na cikin haɗari: tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda ta shanye sukan rasu ta wannan hanya. Har yau ba a sami maganin da ke mayar da jijiyar da ta mutu ba. Rigakafi kaɗai ke akwai: na allura wanda Jonas Salk ya samar, aka fara amfani da shi a 1955, da na ɗigawa a baki wanda Albert Sabin ya samar, ya bazu a farkon shekarun 1960.

Mutumin Da Ya Ratsa Kanada Da Hannu

Tsirar hannuwa ita ce ta haifar da keken guragu mai ƙafa uku da ake gani a titunan Kaduna da Kano da Zariya. An ɗauke feda daga ƙasa an mayar da ita daidai ƙirji, aka ja kaca daga nan zuwa ƙafar gaba, ta yadda kafaɗa da dantse za su yi aikin cinya. Waɗanda cutar ta naƙasa su ne kan gaba wajen ƙera shi. A Kano akwai ƙungiyarsu mai wajen walda, a Jos kuma Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan-inna ta kama yana yaro, ya shafe shekaru yana jagorantar wata cibiya da ke ƙera kekunan tana rabawa kyauta.

Da keke mai irin wannan tsari, amma wanda aka ƙera domin doguwar hanya, wani saurayi mai suna Ramesh Ferris ya ratsa ƙasar Kanada. An haife shi a kudancin Indiya a 1979, shan-inna ta kama shi yana ɗan wata shida, kimanin shekara 25 ke nan bayan samuwar allurar Salk. Mahaifiyarsa ba ta da halin yi masa magani, don haka wani iyali daga yankin Yukon na arewacin Kanada suka ɗauke shi riƙo, aka yi masa aiki, ya koyi tafiya da takalmin ƙarfe da sanduna. A ranar 12 ga Afrilu, 2008, ya tashi daga birnin Biktoriya a bakin Tekun Fasifik, ya isa Kef Sifiya a bakin Tekun Atlantika ranar 1 ga Oktoba. Tsawon hanyar kilomita 7,140 ne, kwatankwacin zuwa Kano daga Kaduna sau talatin. Idan aka raba wannan nisa a kan kwanakin tafiyar, za a ga ya riƙa cin kimanin kilomita 40 a kullum, wato rabin hanyar Kaduna zuwa Zariya, kusan wata shida a jere, da ƙarfin hannu kawai. A kan hanya ya riƙa tsayawa a makarantu da majami'u da tarukan ƙungiyoyi yana yi wa mutane bayani.

Abin lura shi ne, mutanen da ya yi wa magana ba su da shan-inna a ƙasarsu, domin tun 1994 aka tabbatar da kawar da ita daga nahiyar Amurka baki ɗaya. Da yawa daga cikin matasansu ba su taɓa ganin mai ita ba. Gani ya kori ji: ganin mutum yana jan keke da hannu a kan tudu ya fi kowace ƙasida saurin tuna musu cewa cutar tana nan a wasu sassan duniya, kuma jirgin sama ɗaya ya isa ya kawo ta.

Daga Landan Zuwa Legas

Nijeriya ma ta ga irin wannan tafiya, sai dai a kan babur aka yi ta. Kunle Adeyanju, ɗan ƙungiyar Rotary daga Legas, ya bar Landan ranar 19 ga Afrilu, 2022, ya ratsa Faransa da Sifen, ya ƙetara zuwa Maroko, ya bi hamadar Muritaniya, ya shiga Senegal da Mali, ya gangaro bakin teku ta Kwaddebuwa da Gana da Togo da Jamhuriyar Benin, ya shigo gida ta iyakar Seme ranar 29 ga Mayu. Ya yi fiye da kilomita 12,000 cikin kwana 40, yana tara kuɗi da kuma yayata yaƙi da shan-inna. A Amurka kuwa, 'yan Rotary sukan shiga wani tseren keke na kimanin kilomita 160 da ake yi a birnin Tuson na jihar Arizona a watan Nuwamba, kowane mahayi yana neman masu ba da gudummawa da sunansa.

Ba abin mamaki ba ne a ga sunan Rotary a nan. Ita ce ta fara aikin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin a 1979, ta ƙaddamar da shirinta na duniya a 1985. A 1988 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin kawar da cutar, a lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125. An yi wannan ƙuduri ne bisa hujja ta kimiyya: ƙwayar ba ta da wani mazauni sai jikin ɗan Adam, ba ta ɓuya a jikin sauro ko dabba, kuma ba ta daɗewa ƙwarai a waje. Idan ta rasa yaron da za ta shiga, ta ƙare ke nan, kamar yadda aka yi da agana wadda aka bayyana ƙarewarta a 1980. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korar cutar daga Afirka, inda take shanye yara kimanin 75,000 a shekara.

Mene Ne Amfanin Tafiyar?

Mai karatu zai iya tambaya: shin taka keke yana kashe ƙwayar cuta? Ba ya kashewa. Amfaninsa biyu ne. Na farko kuɗi. Ɗigon rigakafi ba shi da tsada, amma isar da shi yana da tsada, domin zafi yana lalata shi. Sai an adana shi cikin sanyi tun daga masana'anta har zuwa bakin yaro, da firji da ƙanƙara da akwatin sanyi da mota da babur da kwalekwale. A jikin kowace kwalba akwai wata 'yar alama mai kusurwa huɗu a cikin da'ira, wadda take yin duhu idan zafi ya yi wa maganin yawa, sai a jefar da shi. Tun daga 2013, Gidauniyar Gates take ƙara dala biyu a kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara domin wannan aiki, zuwa wani adadi da aka ƙayyade a shekara.

Amfani na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne amincewar jama'a, kuma tarihin Arewacin Nijeriya ya ishi kowa darasi a kan wannan. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gauraya ɗigon da maganin hana haihuwa. Zargin ya sami wurin zama ne saboda mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, al'amarin da ya kai ga shari'a, ga kuma tambayar da iyaye suke yi: me ya sa ake bin su gida da wannan magani kyauta, alhali na zazzaɓin cizon sauro sai sun saya? Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Kano ce ta ƙarshe wajen dawowa, a watan Yulin 2004, bayan an gwada maganin an kuma samo shi daga Indunisiya.

Sakamakon bai tsaya a gida ba. Masana suna iya karanta tsarin halittar ƙwayar su gane asalinta, kamar yadda ake gane zuriyar mutum ta zanen fuskarsa. Ta haka aka gano cewa ƙwayar da ta taso daga Arewacin Nijeriya ta sake shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta ratsa Cadi da Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya. A 2005 ta shanye yara fiye da 400 a Yamal, da kimanin 300 a Indunisiya. A cikin gida kuwa, a 2006 an ƙidaya yara 1,122. Ke nan ita ma ƙwayar matafiyiya ce, ta ma fi kowane mahayin keke nisan zango, kuma ba a ganin wucewarta, domin a cikin hanjin masu lafiya take tafiya.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar waɗanda jama'a suka yarda da su. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka shiga gaba. Dubban mata suka riƙa bi gida-gida, wani lokaci da sayar da rai: a watan Fabrairun 2013 an harbe tara daga cikin ma'aikatan a Kano. Waɗanda cutar ta naƙasa ma sun riƙa bin ayarin a kan kekunansu, domin uban da ya ƙi jin ma'aikaciya yakan yi shiru idan gurgu ya nuna masa ƙafarsa. A watan Janairun 2016, a garin Kaduna, gwamnatocin Kaduna da Sakkwato da Barno da Yobe suka sa hannu a kan yarjejeniya da gidauniyoyin Gates da Ɗangote domin ƙarfafa rigakafin yau da kullum. Daga yara 122 a 2012, wato fiye da rabin na duk duniya a shekarar, aka sauko har zuwa na ƙarshe a jihar Barno a watan Agustan 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, hukumar da Farfesa Rose Leke ta Kamaru take shugabanta ta ba yankin Afirka shaidar rabuwa da asalin ƙwayar.

To, Me Ya Sa Har Yanzu Ake Ɗigawa?

Dalili na farko shi ne, nau'i na 1 yana nan a Afganistan da Fakistan, inda aka sami mutum 99 a 2024. An bayyana ƙarewar nau'i na 2 a 2015, da na 3 a 2019, wanda a jihar Yobe aka yi masa ganin ƙarshe a duniya a watan Nuwamban 2012. Amma ragowar ɗayan ya nuna yana iya dawowa: a 2022 an tabbatar da shi a Malawi da Mozambik, kuma bincike ya nuna asalinsa daga Fakistan ne.

Dalili na biyu yana buƙatar natsuwa kafin a fahimce shi. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar cutar da ranta, amma an raunana ta. Tana zama a hanjin yaro na ɗan lokaci, jiki ya koyi yaƙarta, sa'an nan ta fita a bayan gida. A unguwar da kusan kowane yaro ya sami rigakafi, nan take ƙarewa. Amma inda aka bar yara da yawa babu kariya, sai ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan har shekara guda ko fiye, tana sauya kama kaɗan-kaɗan, har ƙarfinta na shanye ƙafa ya dawo. A 2021 wannan rikiɗaɗɗiyar ƙwaya ta shanye yara fiye da 400 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Waɗanda take kamawa su ne waɗanda ba a yi wa rigakafi ba ko ba a cika musu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Domin toshe wannan kafa aka shigar da allurar Salk, wadda ƙwayarta matacciya ce, cikin rigakafin yau da kullum a 2015, kuma a watan Maris na 2021 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon ɗigo na nau'i na 2 wanda aka ƙera shi yadda zai yi wuyar rikiɗa.

Game da yawan maimaitawa kuwa, a ƙasashe masu zafi inda gudawa ta yi yawa, waɗansu ƙwayoyin cuta na hanji sukan hana ɗigon kamawa a karo ɗaya ko biyu. Ƙarin ɗigo ba ya cutarwa, ƙarin kariya ne.

Kudancin Kaduna A Kan Hanyar Ƙwayar Cuta

Sashen Kaduna da ke kudu da kogi mahaɗar hanyoyi ne tun kafuwarsa. A nan Turawa suka gina tashar da layin dogo na Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. A nan aka kafa masaƙun Kakuri, tun daga ta farko a 1957, waɗanda suka jawo ma'aikata daga kowane sashe na ƙasa. Ta nan hanyar Abuja da ta Kachiya suke fita. Unguwanni irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Telebijin da Narayi da Sabon Tasha suna cike da gidajen haya masu ɗakuna da yawa da masai ɗaya, ga rijiyoyi kusa da shadda, ga lambatu da ke malala zuwa kogi, musamman da damina. Baƙi suna shigowa kullum da yaran da ba a san ko an yi musu rigakafi ba. Duk abin da ƙwayar take buƙata ke nan: cunkoso, da zirga-zirga, da ruwan da ya gauraya da ƙazanta.

Saboda ba a ganin ƙwayar da ido, hanya biyu ake bi wajen farautarta. Ta farko, duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗibar bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin bincike na Ibadan ko na Maiduguri. Ta biyu, ana ɗibar ruwan manyan lambatu a bincika. An fara wannan a Kano a 2011, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi har da Kaduna. Kwalba ɗaya ta ruwan lambatu tana iya tona asirin ƙwayar da ke yawo a unguwa tun kafin ta shanye kowa.

Aikin Ɗalibai Da Malamai

Ba sai ɗalibi ya ratsa hamada ba. Ya duba katin rigakafin ƙannensa ya ga ko an ɗiga musu a lokacin haihuwa, da mako 6 da 10 da 14, tare da allurar da ke biye. A ranakun gangami ya duba ɗan yatsan hannun hagu na kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a gidansu, ya ga ko akwai shaidar tawada. Idan ya ga yaron da ƙafarsa ta saki ba zato, ya gaya wa iyaye su kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Malamin kimiyya zai iya ba ɗalibai wannan lissafi: idan an sami yara uku da cutar ta shanye a ƙaramar hukuma, mutum nawa ne ake zaton suna ɗauke da ƙwayar? Amsar, kimanin 600, takan sa aji ya yi tsit. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuma tana iya shirya ɗan zagayen keke a unguwa ranar 24 ga Oktoba, Ranar Yaƙi da Shan-Inna ta Duniya, da izinin hukumar makaranta da mai unguwa, a tsaya a ƙofar masallaci da majami'a da bakin kasuwa a yi bayani da harshen da mutane suke ji.

Kammalawa

Doguwar tafiya a kan keke tana tara kuɗi, tana kuma sa duniya ta waiwayo. Amma zangon da ya fi kowane wuya gajere ne ƙwarai: daga ƙofar gida zuwa bakin yaro, inda sai maigida ya ce a shigo. An rage cutar da fiye da kashi 99 cikin 100 tun daga 1988, nau'i biyu cikin uku sun ƙare, kuma ragowar aikin ya rataya ne a kan yaran da ake tsallakewa a kowane zagaye. Duk gidan da ya buɗe ƙofarsa ya datse wa ƙwayar hanya ɗaya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, balle ga cutar da ba ta da magani.